Kwaɗo a Kogon Bagaruwa

Rabi: Alo? Alo! Salamu alaikum! Auta, kai ne ko wani ne ya ɗauka?

Tariq: Wa alaikumus salam, Inna. Ni ne mana, wa zai ɗauki wayata? Ina wuni?

Rabi: Lafiya lau. Ya Soba?

Tariq: Soba alhamdulillahi. Ya mutanen Mayo? Ya ƙafar taki?

Rabi: Ƙafa da sauƙi. Ya aikin asibiti? Kuna nan kuna ta zuƙe wa bayin Allah jini?

Tariq: Gwadawa muke yi, Inna, ba zuƙewa ba. Ya su Yaya Hannatu?

Rabi: Suna lafiya, suna gaishe ka. An kawo muku wuta?

Tariq: Tun safe suka ɗauke.

Rabi: Mu tun jiya. Ka ci abinci?

Tariq: Na ci ful.

Rabi: Kullum ful, kullum dafaffen wake! To ya barci? Kana samun barci sosai?

Tariq: Ina samu.

Rabi: Ba ka mafarkin ana bin ka da gudu?

Tariq: A'a.

Rabi: Ba ka jin ƙafarka na son tafiya alhali ba ka san inda za ta ba?

Tariq: Inna, lafiya kuwa? Kuma wace hayaniya ce wannan? Kamar ina jin kumsarin mota yana kiran fasinja, Kuku, Kuku.

Rabi: Ina cikin hafla, motar haya. Yanzu muka taso daga tashar Bahri.

Tariq: Bahri? Me ya kai ki Bahri da wannan ƙafar?

Rabi: Kana tsaye ne ko kana zaune?

Tariq: Ina tsaye.

Rabi: Zauna. Ajiye kwalbar jinin mutane kada ka fasa. Auta, an yi maka asiri. Amal, irin wanda ake ɗaurewa a ɓoye. Da hannuna na ciro shi yau da safe.

Tariq: Asiri? Ni? A ina?

Rabi: A dajin Sunut, can bakin kogi kusa da kubri, gadar nan ta Umdurman. Tarin nan ya hana Hannatu sakat, na ce bari in je in tsinto mata 'ya'yan bagaruwa a jiƙa. Na duƙa ina tsinta ke nan a gindin wata tsohuwar bagaruwa mai kogo, sai Allah ya ɗaga idona. Na ga ƙunshi an cusa shi can ciki, an tokare da ɓawon itace. An naɗe shi da jan ƙyalle, an ɗaure da baƙin zare kamar laya.

Tariq: Wayyo Allah. Bagaruwar da ta karkata wajen ruwa? Mai rassa uku?

Rabi: Ka ji ko! Jama'a kun ji? Har ya san bishiyar! Abin yana kiransa!

Tariq: Da wa kike magana?

Rabi: Da mutanen hafla. Ya kumsari, bar mini kwandona, ba a zama a kansa. Ka san abin da ke ciki kuwa? To matsa.

Tariq: Inna, ki saurare ni. Wannan ba asiri ba ne, akwatin wasa ne. Ni na ajiye shi.

Rabi: Haka Malam Ɗantsoho ya ce za ka ce.

Tariq: Kin kai wa Malam Ɗantsoho? Har Umdurman?

Rabi: To wa zan kai wa, likitan haƙori? Na tsallaka kubri na same shi yana shan shayi. Da ya ga ƙunshin sai da ya ajiye kofi ya janye ƙafarsa. Ya yi addu'a ya kwance da tsinke, bai taɓa da hannu ba. Ka san ƙyallen me aka naɗe shi da shi? Jan zanena mai zanen ganye, wanda na neme shi wata biyu har na zargi akuyar maƙwabciyata Amna! Wato har cikin ɗakina aka shiga aka ɗauko.

Tariq: Inna... ni na ɗauka. Na ga ya tsufa, na ɗauka kin daina ɗaurawa.

Rabi: Kai ka ɗauka?

Tariq: Akwatin na roba ne fari, yana ƙyalli daga nesa. Na ce bari in naɗe shi kada ya ja ido. Kuma laifina ne, don a jikin murfin an rubuta cewa wasa ne, a bar shi inda yake. Da na naɗe sai na rufe rubutun. An ma gaya mini kada in yi, na ƙi ji.

Rabi: Wasa. Gardi ɗan shekara talatin da huɗu, da gemu, da takardar jami'a, yana wasa da zanen uwarsa a kogon bishiya.

Tariq: Wasa ne na manya, duk duniya ana yi. Sunansa jiyokashin.

Rabi: Jiyo kashin wa?

Tariq: Bar sunan, Inna. Ki kira shi farautar akwati. Mutum zai ajiye ɗan akwati a lambu ko a daji, sai ya sa lambobin wurin a waya. Wasu su bi lambobin da wayarsu har su gano shi. In ka gano, ka rubuta sunanka da kwanan wata a ɗan littafin da ke ciki, ka mayar daidai yadda ka same shi. Shi ke nan.

Rabi: Sai a ba ka me?

Tariq: Ba a ba ka komai.

Rabi: Ka sha rana, ƙaya ta soke ka, ka sami akwati, ka rubuta sunanka, ka mayar, ka koma gida hannu wofi?

Tariq: Daɗin ganowar ne.

Rabi: La haula. Malam ya ce abin ya yi nisa, ban yarda ba sai yanzu. Dama Amna ta gaya mini tun watan jiya. Ta ce ta je shan iska da yaranta lambun Mogran, ta hango ka kana zagaya wata bishiya sau biyar kana kallon waya kana magana kai kaɗai. Ta ce daga nan ka jawo buhu ka fara tsintar ledoji da gwangwanaye. Na ce mata ƙarya take yi, ɗana ma'aikacin asibiti ne. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Tariq: Ƙa'idar wasan ce! Duk inda ka je nema, ka fito da sharar da ka gani. Duk Juma'a muna kwashe buhu shida bakwai daga Sunut. Ba ki ga wurin ya yi kyau ba?

Rabi: Ɗakinka na gida fa, sau nawa ka taɓa share shi?

Tariq: Wannan daban.

Rabi: Daban ne mana, tunda ba a yi maka asiri a kansa ba. Tsaya ka ji abin da aka samu a ciki. Na farko, littafi cike da sunayen bayin Allah da ranar da aka ɗaure kowa. Malam ya ƙirga mutum arba'in da uku. Har da rubutun Nasara. Ko Turawa ba a bari ba!

Tariq: Waɗanda suka gano akwatin ne, su suka rubuta da hannunsu.

Rabi: Na biyu, wuri guda ɗaya, irin na kuɗin da. Malam ya ce na tsotse arziki ne. Na uku, kuɗin wata ƙasa mai huji a tsakiya, wato duk abin da ka samu ya zurare. Na huɗu, ɗan raƙumi na roba da lamba a wuyansa. Malam ya ce wannan kurciya ce tsagwaronta, so ake ka shiga duniya kada a ƙara jin ɗuriyarka.

Tariq: Raƙumin! Inna, don Allah yana ina? Ba namu ba ne. Wata malamar makaranta ce ta sake shi daga ƙasarsu, yana tafiya daga akwati zuwa akwati, kowa ya matsar da shi gaba. Shekara uku yana hanya, so take ya kai Bajrawiya ya ga dalar Fir'aunonin nan.

Rabi: To ya tsaya a Umdurman. Yana cikin tukunyar Malam yana shan hayaƙi, sai ya kwana bakwai.

Tariq: Roba ce! Zai narke!

Rabi: In ya narke ai ka huta. Na biyar, guntun fensir. Na shida, maɓallin riga fari, sabo fil. Malam ya ce na ɗinke baki ne, shi ya sa in an yi maka zancen aure sai ka yi shiru kamar an shuka ka.

Tariq: Maɓalli? Tsaya. Babu maɓalli a ciki ranar Juma'a.

Rabi: Yana ciki yau.

Tariq: Wato wani ya buɗe bayan na bar wurin. A wasan, in ka ɗauki abu sai ka bar wani a madadinsa. Fari kika ce? Irin na teloli?

Rabi: Yauwa! Ka zo inda nake jiranka. Irin na teloli. 'Yar wa ce tela? A shafin farko na littafin, sunanka ne a rubuce, a manne da shi kuma Suhaila. Suhaila 'yar Hamuda tela ta Alhilla Kuku, wadda kuke aiki tare. Wadda ta zo gaishe ni da na yi zazzaɓi, ta durƙusa har ƙasa, ta kawo mini lemo. Kuma na sha lemon nan, Auta! Duka na shanye! Allah kaɗai ya san abin da na sha.

Tariq: Inna. Haflar da kike ciki, ina za ta?

Rabi: Ka ji kumsari da kunnenka.

Tariq: Gidansu za ki?

Rabi: Gidansu za ni. Zan zazzage kwandon nan a tsakar gidansu gaban ubanta da uwarta da maƙwabta, in tambaye su abin da ɗana ya yi musu.

Tariq: Innalillahi! Inna, ki sauka! Ki ƙyasta wa kumsari yatsa ki sauka yanzun nan! Wallahi in kika yi haka kin kashe ni. Ba zan ƙara iya kallon mutanen nan ba har abada.

Rabi: In sauka a tsakiyar hanya in hau me, jaki? Alo? Muryarka na yankewa.

Tariq: Na ce ki sauka!

Rabi: Ka ce in yi sauri? Direba ne ba ya sauri.

Tariq: Ki sau-ka! Alo?

Rabi: Na ji ka, ba kurma ba ce ni. Ba zan sauka ba.

Tariq: Tare muka ajiye akwatin ni da ita, shi ya sa sunayenmu ke shafin farko. Mu ne masu kula da shi. Sai da muka nemi izini wajen masu kula da dajin. Ki tambayi Sule mai gadi, ya san komai.

Rabi: Wannan dogon mai hular kaki? Ai da shi aka haɗa baki! Ya biyo ni yana ya hajja, ya hajja, mayar da shi, na samari ne masu kwashe shara. Na ce masa in ya matso sai na kwaɗa masa kwando. Da na dawo kuma ya ƙwace mini ƙusoshi.

Tariq: Kin koma? Waɗanne ƙusoshi?

Rabi: Malam ya ce ba a barin gurbin asiri wofi. Ya ba ni laya mai karyawa, da ƙwai ɗaya, da ƙusa bakwai a kafa a jikin bishiyar.

Tariq: Ƙusa a jikin bishiya! Inna, bishiyar nan ta girme ki! Mu ko reshe ba ma karyawa. Ba ma haƙa rami, ba ma kafa ƙusa, ba ma ɗaura waya. Sai da muka jira wata guda tsuntsuwar da ta yi sheƙa a samanta ta tashi da 'ya'yanta kafin mu ajiye akwatin. Allah ya saka wa Sule da alheri.

Rabi: Ka ji shi, yana sa wa wanda ya ƙwaci ƙusar uwarsa albarka. Tsuntsuwa ka jira wata guda, ni da na haife ka kwana ashirin rabon da ka taka Mayo.

Tariq: Zan zo. To ƙwan da layar fa?

Rabi: Na faki idonsa na cusa su a kogon.

Tariq: Wato yanzu duk wanda ya bi lambobinmu ya sha rana ya zura hannu, laya zai ciro da ƙwai.

Rabi: Ɗanye ma kuwa.

Tariq: Abinci shi ne abu na farko da aka hana sawa! Kafin gobe tururuwa da karnuka sun cika wurin. Kuma akwai wani likita baƙo da ya rubuto jiya ya ce yau da yamma zai je nema.

Rabi: To ai ya samu. Kai ka ce in an ɗauki abu sai a bar wani. Na ɗauki ɗaya, na bar biyu. Ni na fi ku bin ƙa'ida.

Tariq: Inna, bar wannan. Abubuwan da kika lissafa shida ne. Akwai na bakwai.

Rabi: Kul! Kada ka ambace shi.

Tariq: Akwai ɗan kwaɗo, irin na kulle akwati.

Rabi: A'uzubillahi! Na ce kada ka ambata! Ga matar kusa da ni ta tashi ta koma baya. Shi ne uwar asirin gaba ɗaya. Shi aka kulle ka da shi shekara da shekaru, sa'anninka na da 'ya'ya uku uku kai kana cin ful a tsaye. Malam ya yi masa tofi bai buɗe ba. Ya ɗauko guduma ya kai masa duka, kwaɗon ya yi tsalle, gudumar ta sauka a babban yatsansa. Na bar shi da yatsa a cikin kofin ruwa.

Tariq: Allah ya ba shi lafiya. Inna, abu ɗaya zan tambaye ki. Da kika same shi, akwai makulli a jikinsa ko babu?

Rabi: Yaya aka yi ka san da kwaɗon?

Tariq: Ki amsa mini tukuna.

Rabi: Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Kai za ka fara amsawa.

Tariq: Ni na saya. A kasuwar Suk Arabi. Ni na sa shi ranar Juma'a.

Rabi: Ka kulle kanka da kanka? Don me?

Tariq: Ba magana ce da ɗa ke yi da mahaifiyarsa ba.

Rabi: Satar zanen mahaifiya fa, magana ce da ɗa ke yi? Ga kasuwar Kuku can na fara hangowa. Ko ka faɗa, ko in ji daga bakin Hamuda.

Tariq: To. Inna... ina son Suhaila.

Rabi: Ɗaga murya.

Tariq: Ina sonta! Da aure! Shekara biyu ke nan. Sau uku ina buɗe baki in gaya mata, sai in ji ina yi mata zancen injin gwajin jini. Ba ta yi mini komai ba, wallahi ko shayi ba ta taɓa ba ni ba sai na roƙa... Wace guɗa ce wannan? Wa ke tafi?

Rabi: Mutanen hafla.

Tariq: Sun ji?

Rabi: Ai ka san kunnena, a buɗe nake sa wayar. Wata baiwar Allah mai jin Hausa, 'yar Maiurno, tana fassara wa sauran da Larabci. Direba ya ce a gaya maka mabruk. Wani dattijo a gaba ya ce shi ma shekara huɗu ya yi kafin ya iya faɗa.

Tariq: Ya Rabbi, ka buɗe ƙasa in shige.

Rabi: Ni ban ce mabruk ba. So ɗin ma ai aikin asirin ne, haka yake kamawa. Ina ruwan so da kwaɗo?

Tariq: Saurara da kyau. Da na ga bakina ba zai iya ba, ranar Juma'a bayan mun gama kwashe shara na ce mata na bar kwaɗo da makullinsa a akwatinmu. Na ce in ta yarda in turo manyana gidansu, ta ɗauke makullin ta bar kwaɗon. In ba ta yarda ba, ta bar su tare, ba zan ƙara tayar da zancen ba. Kwana huɗu ke nan na kasa zuwa in duba, tsoro nake ji. Yau na yi niyya in an tashi aiki...

Rabi: Kuku! Nan ne, nan ne! Ya kumsari, tsaya! Miƙo mini kwandon, a hankali, kada ka jijjiga. Ma'assalama jama'a, ku sa mu a addu'a. Alo? Auta, me kake cewa? Ban ji ko ɗaya ba, wani mai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya danna mini hon a cikin kunne.

Tariq: Na ce makullin shi ne...

Rabi: Tsaya in tsallaka titi. Kai, ya zol, ba ka gani ne? Tsohuwa ce a gabanka! Yauwa. Ya walad, ina gidan Hamuda tela? Koren ƙofa? Bayan mai gawayi? Shukran.

Tariq: Inna, don girman Allah ki tsaya wuri ɗaya. Ki nemi inuwa ki zauna, zan ɗauki raksha in zo yanzu.

Rabi: Daga Soba? Kafin ka tsallako kogi na gama na koma gida na ɗora tukunya.

Tariq: Ki tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Da yana nan ba zai bar ki ki je ƙofar mutane da rigima ba.

Rabi: Da yana nan da shi ke riƙe mini kwandon. Ga ƙofar.

Tariq: Wace ƙara ce wannan? Inna! Da me kike buga musu ƙofa?

Rabi: Da dutse. Ƙofar ƙarfe ce, hannu ba ya ji.

Tariq: Shi ke nan. Na mutu.

Rabi: Ba ka mutu ba, yau ma za ka warke. Malam ya ce ɗauri irin wannan ba ya kwancewa sai an karɓo makullin daga hannun wadda ta tafi da shi. Shi na zo karɓa, kuma ba inda za ni sai da shi.

Tariq: Me kika ce?

Rabi: Na ce makullin na zo karɓa.

Tariq: Babu shi a jikin kwaɗon?

Rabi: Da yana nan me zai kawo ni Kuku da ciwon ƙafa? Na zazzage akwatin, na duba cikin kogon, na tona ganyen da ke ƙasa. Kwaɗo a kulle gam, makulli babu. Shi ya fi tayar wa Malam hankali.

Tariq: Babu makulli.

Rabi: Babu.

Tariq: Ta ɗauka. Ta bar maɓalli.

Rabi: Abin da nake gaya maka tun Bahri ke nan! Alo? Auta? Kuka kake yi ko dariya? Wayyo ni Rabi, abin ya motsa! Karanta Ƙulhuwallahu!

Tariq: Inna, ta yarda! Amsarta ke nan! Na ce mata in ta yarda in turo manyana neman aurenta, ta ɗauke makullin. In ba ta so, ta bar shi. Shi ne abin da hon ya hana ki ji. Ta yarda, Inna!

Rabi: Sake faɗa. A hankali.

Tariq: Rashin makullin nan, shi ne ta ce e.

Rabi: Wato abin da ya sa Malam ya fasa yatsa...

Tariq: E.

Rabi: Abin da na ɗauko tun safe a kwando, na tsallaka kogi da shi sau uku ina tofa masa addu'a...

Tariq: E, Inna.

Rabi: Shekara takwas, Auta. Shekara takwas ba sallar da na idar ban roƙa maka mace ta gari ba. Tun ranar da muka rufe ubanka nake tsoron in bi shi in bar ka kai kaɗai da kwanon ful. Ashe an amsa mini, aka sa mini amsar a hannu, ni kuma na kai ta a buga mata guduma.

Tariq: Kada ki yi kuka a ƙofar mutane. Ki juya ki tafi tun ba su buɗe ba. Maza, Inna!

Rabi: Da wace ƙafar? Ga takun mutum nan, ana zare sakata. Dutsen nan fa, ina zan sa shi?

Tariq: Ki yar!

Rabi: Na sa a kwando. Me zan ce na zo yi?

Tariq: Ki ce wucewa kika zo yi.

Rabi: Daga Mayo ake wucewa ta Kuku? Yi shiru. Salamu alaikum... Wa alaikumus salam, 'yata, tashi, tashi, kada ki durƙusa a ƙasa. Ƙofar? A'a, hannuna ne ke da nauyi, haka aka halicce ni. Auta, kana ji? Ita ce. Yana wuyanta. Ta sa shi a siririyar sarƙa, ga shi nan yana lilo.

Tariq: Inna, wayar a buɗe take! Tana jin ki!

Rabi: To ta ji mana. Ga ta nan ta rufe fuska da mayafi. 'Yata, bagaruwa na kawo muku, ta tari, sabuwar tsinta. Wannan kuma akwatinku ne, na gano shi, ko waya ban yi amfani da ita ba. An ce duk wanda ya gano sai ya rubuta sunansa, ki ara mini fensirin. Gobe da sassafe ki raka ni mu mayar inda yake, akwai ƙwai da za mu ciro. Zanen dai nawa ne, ba zai koma ba.

Tariq: Yauwa, madalla. Yanzu ki yi musu sallama ki tafi. Sauran Kawu Rashid zai zo da maza su yi yadda aka saba.

Rabi: Rashid ya zo daga baya. Mahaifiyarki na ciki? Ce mata Rabi ce daga Mayo, uwar Tariq, ta shimfiɗa tabarma ta ɗora jabanar gahawa, zamana zai yi tsawo.

Tariq: Inna, a'a! Ba haka ake yi ba! Ba goro, ba sanarwa, da dutse a kwando!

Rabi: Ga matar nan ta cikin waya tana cewa rasidina, kuɗin kira, ya kusa ƙarewa.

Tariq: Ki saurare ni, akwai tsari, akwai al'ada...

Rabi: Kai da ka nemi aure a kogon bishiya da zanen uwarka, kai ne za ka koya mini al'ada? Riƙe mini kwandon, 'yata. Bismillah, da ƙafar dama...

Tariq: Inna! Raƙumin fa? Ki ce wa Malam ya sauke tukun... Alo? Alo, Inna?